Tibin Hanji ko Cutar Crohn: Abin da Muka Gani a Asibitocin Saudiyya

Wata uwa, Misfala, Makka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗana matashi ya daɗe yana fama da gudawa da murɗar ciki ta ƙasan dama, ga rama, kuma da aka leƙa hanjinsa da na'ura sai aka ga gyambo a mahaɗar ƙaramin hanji da babba. Likitar ta ce tana zargin cutar Crohn (kumburin hanji mai daɗewa) ko tibin hanji (ƙwayar tarin fuka da ta kama hanji), kuma ba za ta fara magani mai ƙarfi ba sai sakamakon ɗan naman da aka gutsuro ya fito. Dangi suna ganin sakaci ne. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mana yadda ta kaya da shi.

Wani direba, Jidda

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki yi haƙuri da jiran, domin ni gaggawa ce ta wahalar da ni. A wani asibiti an ce Crohn ce ke damuna, aka ɗora ni a kan maganin da ke danne garkuwar jiki, na ɗan sami sauƙi, daga baya zazzaɓin yamma da gumin dare suka taso mini, cikina ya kumbura. Da aka sake gwaji a wani wurin sai ga tibi, alhali ban taɓa yin tari ba. Na sha maganin wata 6, kuma fitsarina ya koma ja-ja saboda rifampicin, wanda aka ce mini ba abin tsoro ba ne. Alhamdulillahi, na warke sarai.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Riyad

Hajiya, likitar nan ta yi daidai. Cututtukan biyu wuri ɗaya suka fi kamawa, kuma maganin Crohn yana iya tayar da tibi. A aikina na sha shafa wa naman hanji rinin Ziehl-Neelsen in duba a madubin likita ban ga komai ba, saboda ƙwayoyin tibi a hanji kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da majinar mai tarin fuka. Na'urar GeneXpert tana ba da amsa cikin sa'o'i, amma rashin ganin ƙwayar a wannan gwaji ba ya wanke mutum. Shuka ƙwayar kuwa, wato renon ta a ɗakin gwaji har ta tsiro, tana iya ɗaukar mako 6 zuwa 8. Gwajin jini na QuantiFERON yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da tibi ne kawai, abin da ba baƙo ba ne ga da yawa daga cikinmu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a kawo duk naman cikin ruwan fomalin, wanda ke kashe ƙwayar, maimakon a ware wani a ruwan gishiri domin shuka.

Wata malamar makaranta, Madina

Ni akasin na Malam direba ne ya same ni. An fara gwada ni da maganin tibi, aka sake leƙa hanjin, gyambon bai gusa ba, sannan aka tabbatar da Crohn aka fara mini ƙarin ruwan infliximab, maganin da ke danne garkuwar jiki. Amma na ji ana cewa wata 'yar'uwar ƙwayar tibi da ke jikin shanu ce tushen Crohn ɗin, kuma wannan magana ta tsaya mini a rai.

Likitan dabbobi, Ƙasim

Malama, ƙwayar da kike nufi ita ce wadda ake taƙaita sunanta da MAP, mai haddasa ciwon hanjin dabbobi da ake kira cutar Johne, kuma na gan ta a tumaki da raƙuma a nan: dabba ta yi ta gudawa tana ramewa, in an yanka a tarar da hanjin ya yi kauri. An bayyana ta a shanu a 1895, kuma a 1913 likitan tiyata Dalziel na Sikotilan ya lura da kamanninta da wani ciwon hanjin mutane, tun kafin Burrill Crohn da abokan aikinsa su wallafa bayaninsu a 1932. An fitar da ƙwayar daga hanjin wasu masu Crohn a 1984. Sai dai ana samun alamarta a wasu masu lafiya ma, kuma gwajin da aka yi a Ostireliya, wanda aka wallafa a 2007, inda aka ba marasa lafiya magunguna 3 na tsawon shekara 2, bai nuna amfani mai ɗorewa ba. A ganina zargin bai mutu ba, amma bai kai a bar maganin da ke aiki saboda shi ba. A gidana dai ba a shan madarar raƙumi ko ta saniya sai an tafasa, domin tibin shanu da burusela (zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi) tabbas ta nan suke shiga.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Riyad

Haka ne, Dakta. MAP tana buƙatar sinadarin mycobactin kafin ta tsiro, kuma tana ɗaukar watanni, shi ya sa masu bincike suke neman ɓangaren gadonta mai suna IS900 ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado da ake kira PCR. Wannan ba ya cikin gwajin yau da kullum da muke yi wa marasa lafiya. Hajiya, ki tambayi likitar ko an aika wani ɓangare na naman don shuka, kuma ko an ɗauki hoton ƙirjin yaron.