Kwaikwayon tsohon ginin Jidda: inda ake faɗuwa

Bayan isha'i muka zauna da magina 'yan uwanmu a Jidda, hira ta kai mu kan sababbin gidajen da ake yi wa kwalliyar Balad, tsohuwar unguwar da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Me ya sa da kallo ɗaya ake gane jabu?

Dattijon cikinmu ya ce a fara duba taga. Roshan, wato irin tagar gidajen Balad, na asali katako ne mai ƙananan ramuka, ya turo kai waje, iska na shiga, na ciki na ganin titi ba a ganinsa. Yanzu sai a manna shi jikin gilashi, a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Hula ce ba kai.

Wani ya ce: "Baba, ai bangon ma haka." Na da dutsen murjani ne daga Bahar Maliya, ana jera katako tsakanin sahu don ya raba nauyi, a shafe da farar ƙasa. In ka yaɓa masa siminti, danshi da gishiri su maƙale ciki, dutsen ya riƙa rugurgujewa.

Kan fenti ba a daɗe ba. Ni dai na fi yarda da batun tagar.