Inuwar da Ta Motsa a Bakin Komadugu

Malam Tsoho, Birni:
Ƴaƴana, ga baiti, mai amsa ya amsa.

A 1899 Bule, hafsan sojan Faransa, ya ratso ƙasar Hausa,
Ya banka wa Birnin Konni wuta, bai bar mai goyo ba,
Sojansa ne suka harbe shi, Maijirgi ta ga ƙarshensa,
Yaƙin Tirmini ya biyo baya, Damagaram ta faɗa hannun Nasara.
Yau jirgi ke kisa daga can sama,
Me ya raba shi da Bule in jariri ne a ƙasa?

Tsohon Soja, Sabon Gari:
Baba Malam, a gafarce ni, ni na ga abin da idona,
2015 ina Bosso, bakin kogin Komadugu muke kwana.
Mahari ba ya sa kaki, rigarsa irin ta masunta,
Cikin manoman tattasai yake sajewa.
Dare ya raba, inuwa ta motsa, yatsana na kan kunama,
In na jira, a binne abokina. In na harba, wa na harba?

Inna, Zango:
Ɗana, ban ga laifin tsoronka ba, Allah ya san zuciya,
Amma Tudun Biri fa? Disamban 2023, jihar Kaduna,
Ana Maulidin Manzo, yara na ta murna,
Jirgi marar matuƙi ya sako musu wuta.
Fiye da 80 aka jera, aka ce kuskure ne, a yi haƙuri da ƙaddara.
Wanda ya danna yana zaune nesa, wa ya tsare masa hanya?
Uwar da ta tsinci takalmin ɗanta, da wane baki za ka ce mata?

Malam Tsoho, Birni:
Sayyadina Abubakar ya yi wa runduna wasiyya:
Ban da mace, ban da yaro, ban da tsoho mai sanda,
Ko itace mai ƴaƴa kada gatari ya taɓa.
Jeniba ta rubuta nata dokokin yaƙi a 1949, ta tarar da shi a gaba.
Faɗa mana, ɗana, yaya aka ƙare da inuwar taka?

Tsohon Soja, Sabon Gari:
Ban harba ba, Baba. Na yi tsawa, ta tsaya tana kuka,
Yarinya ce, akuyarta ta ɓace, ta fito nema.
Na raka ta har bukkarsu, uwar na bakin ƙofa,
Har yau in na tuna, hannun nan nawa rawa yake, Inna.