Mata a ginin bulon ƙasa: abin da aka tattara

An tattauna kan yadda za a shigar da mata aikin ginin bulon ƙasa. Inda baki ya zo ɗaya:

1. A koya wa mace aikin gaba ɗaya, har lissafin kaya da karatun zanen gini. Wadda aka bari a ɗibar ruwa da tankaɗe, lebura za ta dawwama.

2. Gwajin ƙasa shi ne farko, kuma nan aka fi daɗewa. A zuba ƙasa da ruwa a kwalba, a girgiza, a bar ta ta kwana, sai yashi da laka su rabu. Laka ta yi yawa, bulo ya tsage. Yashi ya yi yawa, ya marmashe. Siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ya isa. Bayan an matse bulon a inji, a lulluɓe shi da leda da danshinsa, kada a ɗora shi a bango sai ya kai kwana 28.

3. Banɗaki na mata daban a wurin aiki, da biyan lada a hannunta, daidai da na namiji.

4. A nuna wa 'yan mata ginin Hikma na Dandaji a Nijar, masallaci da ɗakin karatu na bulon ƙasa, wanda mata biyu, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili, suka zana, aka kammala a 2018.

Inda aka rabu: wasu sun ce a fara da daɓe da yaɓen makuba, tunda mata sun gaje su. Wasu suka ƙi, suna ganin hakan zai sake tsare su a aikin ƙaramin kuɗi, alhali kwangila tana hannun mai injin.