Neman shawara: AA na zuwa hannuna amma kuɗi ba sa zuwa

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina buga wasan kati na poka a intanet, nau'in Texas Hold'em da ake ba kowa kati biyu a hannu sannan a buɗe biyar a tebur, teburin mutum shida, ƙaramin mataki inda kuɗin dole, waɗanda mutum biyu ke sawa kafin a raba kati, suke senti 5 da senti 10, kowa na zama da dala 10. Damuwata manyan hannuwa ce, wato AA, KK, QQ da AK (A ce kati mafi girma, sai K, Q, J; AA kuwa A biyu ke nan a hannu). In na ƙara kuɗi tun farko sai kowa ya yar da katinsa, in tashi da senti 15 kacal. Shi ya sa na koma lallaɓawa, ina bi kawai ba ƙari. Jiya AA ta zo mini, na bi shiru, mutum huɗu suka shigo. Aka buɗe 9, 8, 7 a tebur, na zuba, wani ya ƙara, na tura duka, ashe J da 10 ke hannunsa, jerinsa na kati biyar a jere ya cika. Yaya ake cin moriyar irin waɗannan hannuwa? A taimaka.

Baba Na-Kumasi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba katin ya cuce ka ba, ƙofar da ka bari a buɗe ce. AA in ta haɗu da mutum ɗaya mai kowane irin kati, tana cin kusan kashi 85 cikin ɗari. In mutum huɗu ne, sai ta sauko wajen kashi 56. Kai da kanka ka gayyato taro a kan senti 10. Kuma ka sani, haɗin kati biyu da ake iya rabawa 1,326 ne, shida kawai a ciki su ne AA, wato sau ɗaya cikin rabo 221. Abin da ke zuwa jefi-jefi haka ba a karɓarsa da rowa.

Ga lissafin da nake so ka riƙe. Mu kira babban kuɗin dole BB. Ka buɗe da BB 3, mutum ɗaya ya bi, kuɗin tsakiya sun zama 7.5. Bayan katuna ukun farko ka sa 5, ya bi, sun koma 17.5. A kati na huɗu ka sa 12, sun kai 41.5. A na ƙarshe ka sa 30. Ka ga ka karɓi BB 50 daga hannunsa ba tare da ka taɓa sa abin da ya wuce kima ba. Yanzu sake wannan lissafi da kuɗin tsakiya 2.5, irin wanda bi shiru ke haifarwa. Ko ya bi ka har ƙarshe, da ƙyar ka ga BB 17. Kowane zubi yana hawa ne a kan wanda ya gabace shi, don haka na farkon nan shi ne tushe. In akwai waɗanda suka riga suka bi kafin kai, ƙara BB ɗaya a kan kowannensu. In wani ya buɗe kafin kai, ninka nasa sau uku idan bayansa kake magana, sau huɗu idan kai za ka riƙa fara magana.

Ɗan Fagge: Na gode Baba. Amma fa gudu suke yi da zarar na ƙara.

Baba Na-Kumasi: To ai sun gane ka ne. In ba ka ƙari sai da AA ko KK, ko makaho zai gane. Ka riƙa buɗewa da wasu hannuwan ma, irin su 99, da AQ ko KQ masu fure ɗaya, musamman in kai ne na ƙarshen magana, kuma da farashi ɗaya kullum. Wata rana kuma babu mai komai a hannu, sai su yar. Wannan ba asara ba ce, ka ɗauki senti 15 ɗinka a raba wani.

Hajiya Mai Lissafi: Bari in ƙara a kan na Baba, don na ga ka jera hannuwan nan huɗu kamar ɗaya suke. AK ba ta zama komai ba tukuna. Sau ɗaya cikin uku ne kawai A ko K ke fitowa a katuna ukun farko, kuma ko da QQ ta haɗu, a ƙasa take kaɗan, kashi 43 zuwa 46. Da KK a hannunka, A za ta fito a katuna ukun farko kusan sau 23 cikin ɗari. Da QQ, kati mafi girma na fitowa kusan kashi 41, da JJ kuwa 57. Saboda haka kuɗin su shiga tun kana sama.

Sai kuma abin da ya faru da kai jiya. Bayan an buɗe tebur, AA biyu ce iri ɗaya kawai, ba ta fi haka ba. A kan 9, 8, 7 da mutum huɗu, ƙarin da aka yi maka ya isa ya sa ka tsaya. 'Yan ƙaramin mataki sun fi son bi, ba kasafai suke ƙari da ƙarya ba. Wanda ke bin ka shiru tun safe in ya ɗaga maka kuɗi a kati na huɗu, yawanci ya wuce ka. Mai ƙananan biyu iri ɗaya kamar 55 yana samun na uku a katuna ukun farko kusan sau 12 cikin ɗari, kuma shi ne ya fi kwashe wa mai AA tulinsa.

Malam Sani Zariya: Ɗan uwa, ni dai zan faɗi nawa ko ba a so. Wannan caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya. In lissafin ne ke burge ka, shafukan nan irin PokerStars suna da teburan kuɗin wasa da ba a sa ko sisi.

Hajiya Mai Lissafi: Malam bai faɗi ƙarya ba, kowa ya san inda ya tsaya. Ko ta fuskar lissafi ma, shafin na cire la'adarsa, wajen kashi 5 na kuɗin tsakiya har zuwa wani iyaka, shi ya sa mafi yawan 'yan wasa a ƙasa suke ƙarewa. Ko AA ɗin ma in ta kara da KK, kusan sau ɗaya cikin biyar ana kayar da ita. Wanda bai ware kuɗin zama 30 ba, wato dala 300 a matakinka, kuɗin da ba na cefane ko haya ba, bai kamata ya zauna ba.

Ɗan Fagge: Allah Ya saka da alheri, Malam na ji. Tambaya ta ƙarshe Baba: ina da KK, wani ya buɗe, na ninka, ya sake ninkawa. In yar?

Baba Na-Kumasi: Da BB 100 a teburin mutum shida, tura duka. Zai iya riƙe QQ ko AK, kuma haɗin AK guda 8 ne suka rage tunda K biyu na hannunka, QQ 6, AA 6. QQ ce ke buƙatar duban mutum: in tsohon mai rowa ne da bai taɓa sake ninkawa ba sai yau, ajiye ta.