Daga bokitin roba zuwa rabin gareji

Bulus (Manchesta): Jama'a barkanmu da yamma. Shawara nake nema kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Tun lokacin kullen korona a 2020 na fara dafa giyata a gida. Da bokitin roba ɗaya na fara, mai cin lita 23, da tiyo, da gwangwanin ruwan tsiron sha'ir da ake sayarwa a haɗe, kai dai ka ƙara ruwa da sukari da yis. Duka-duka ban kashe fam 40 ba. Jiya da dare na zauna na rubuta abin da na saya tun daga ranar: tukunya mai lita 30, naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe na sanyaya dahuwa, injin ɓarza, bokiti na biyu da na uku, sikeli, abin buga murfi, ma'aunin sukari har guda biyu don na farkon ya gangaro daga tebur ya fashe. Da na haɗa lissafi ya haura fam 600. Yanzu kuma idona na kan tukunyar lantarkin nan ta silba mai yin komai da kanta, fam 700 da ɗoriya, kuma duk sanda na leƙa sai in ga an ƙara mata kuɗi. In saya ko in haƙura?

Luka (Jamus): Ka riga ka saya a zuci, so kake kawai mu sa maka hannu.

Bulus: Kai dai faɗi naka.

Luka: To bara sau nawa ka ɗora tukunya?

Bulus: Sau biyar. Aiki ya yi yawa.

Luka: Madalla. Kowace dahuwa, in an cire abin da ke zama a gindin bokiti, kwalba 40 ce ta rabin lita. Sau biyar, kwalba 200 ke nan. Raba fam 700 gida 200. A shekarar farko kowace kwalba na ɗauke da fam uku da rabi na tukunya kaɗai, ba a zo maganar hatsi da hops, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, da kuɗin wuta ba. Ko bayan shekara uku ba za ta sauko ƙasa da fam ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka don tsimin kuɗi yake wannan harka, ka ce ya nuna maka garejinsa.

Baba Ishaya (Jos): Ku dakata tukuna. Ku a can hukuma ba ta kama mutum in ya dafa a gida?

Bulus: A'a Baba. A Ingila tun 1963 aka cire maganar lasisi ga mai dafa wa kansa. Sayarwa ce ba a yarda ba sai da izini.

Talatu (Amurka): Mu nan Jimmy Carter ne ya sa hannu a 1978. Galan 100 a shekara in kai kaɗai ne baligi a gida, 200 in kun kai biyu. Jihohin Alabama da Misisipi sai 2013 suka bi sahu.

Luka: A Jamus da lita 200 ne babu haraji, kuma sai ka sanar da kwastan. Daga farkon 2025 aka mai da shi 500. Bulus ko kwatar hakan ba ya yi, amma tukunyar masana'anta yake nema.

Talatu: Luka ka bar tsokana. Ni ina da irin tukunyar kuma ban yi da-na-sani ba, gidana ƙarami ne, bayana kuma ba ya son ɗaga ruwan zafi lita 25. Amma Yaya Bulus, tambaya ɗaya: mene ne laifin giyarka da kake so tukunyar ta gyara?

Bulus: Ta hunturu ba laifi. Wadda na yi a watan Yuli ce ta ba ni kunya. Na buɗe wa baƙi ranar bikin sunan 'yar ƙanwata, warin ayabar da ta wuce nuna ya fara tashi, bayansa wani kamar na man goge farce. Surukina ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin bayan kujera. Washegari da nake shara na tarar da kofi huɗu a wurin.

Talatu: Ina ka ajiye bokitin tana tashi?

Bulus: A ɗakin sama, kusa da tankin ruwan zafi.

Talatu: Shi ke nan, ga ɓarawonka. Tukunyar da kake hange aikinta awa huɗu ne ko biyar ranar dahuwa. Abin da ya lalata maka giya cikin sati biyun da suka biyo baya ya faru, ita kuwa a lokacin tana kife a kan kanta. Yawancin yis ɗin da muke amfani da shi, irin su US-05, digiri 18 zuwa 20 yake so. Kuma yis in ya kama aiki shi ma zafi yake fitarwa, cikin bokitin yakan fi ɗakin da 'yan digiri. In ɗakinka ya kai 26, ka ga inda aka dosa. Abin da za ka nema shi ne tsohon firiji na gwanjo wanda bokiti zai shiga, da ɗan akwatin nan mai kunna shi da kashe shi gwargwadon zafi. Nawa Inkbird ne. Ka manna bakin ma'aunin a jikin bokiti, ka rufe shi da ɗan soso, ka sa 19, ka tafi harkarka. A cikin duk tarkacen da na tara, wannan ne kaɗai ranar da na fara amfani da shi maigidana ya ce yau kam an canza hannu.

Luka: Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ita kuma dahuwa, tukunyarka ta lita 30 ta isa. Ka sayi jakar yadi mai ƙananan huji, dabarar da 'yan Ostareliya suka yaɗa. Ka shimfiɗa ta cikin tukunya, ruwa ya ɗan wuce digiri 70, ka zuba ɓarzajjen tsiro kilo huɗu da rabi ko biyar, zai sauko wajen 66. Ka rufe, ka lulluɓe da tsohon bargo, awa ɗaya. Ka ɗaga jakar ta tsiyaye, ka tafasa awa guda da hops. In ruwan ya so ya yi wa tukunyar yawa, ka rage dahuwar zuwa lita 18. Shekara shida ke nan haka nake yi.

Mama Rifkatu (Kafanchan): Wai matacin kamu ne 'yan Ostareliya suka gano? Sannunsu da ƙoƙari.

Luka: Mama ai shi ne, sai dai nasu da igiyar zugewa.

Mama Rifkatu: Ina karanta ku tun ɗazu ina dariya. Uwata ta yi burukutu shekara talatin, da shi ta biya mana makaranta mu biyar. Kayan aikinta randa uku, rabin duro biyu, ƙwarya, muciya, kwando. Za ta jiƙa jar dawa ta kwana, ta baza a ɗaki ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana huɗu ta tsira. A shanya, a murje saiwar da tsiron a sheƙe, a kai niƙa. In ta dama da ruwa sai ta bari ya kwanta, ta kwashe ruwan saman ta ajiye gefe, ta dafa mai kaurin, sannan ta mayar da wancan ruwan. Ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, ya huce, ta zuba iri daga na jiya. Ma'auninta gwiwar hannu ce. In ta tsoma ta ce bai yi ba, to bai yi ba, ko masu saye sun cika tsakar gida.

Baba Ishaya: Rifkatu, abin da uwarki take yi da ruwan saman nan, mu sai da muka sha wuya kafin mu gane hikimarsa. Ina aiki a kamfanin giya a 1988 lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Dole aka koma dawa da masara. Injinanmu duk don sha'ir aka ƙera su. Dawa ba ta da ƙaiƙayin da ke taimaka wa tacewa, sitacinta kuma ba ya narkewa sai a zafin da ke kashe sinadarin da zai mai da shi sukari. Shi ya sa matan ke ware ruwan saman, a cikinsa sinadarin yake, kada wuta ta cinye shi. Mu da tankunan ƙarfe masu tsayin bene sai da aka riƙa sayen sinadarin a jarka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mama Rifkatu: Amma Baba kada su ɗauka mu nan tsadar ba ta same mu ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau kan dawa, ya hau kan itace, mai niƙa ma ya ƙara. Durom ɗin da a da ake roƙa a ba ka, yanzu ciniki ake yi. Matan unguwarmu da yawa sun rage kwanakin dahuwa. Bambancin kawai, su tuwon gida suke nema a ciki, ku kuwa marmari ne.

Talatu: Gaskiya ne Mama. Namu kuma rabin tsadar mu muke jawo wa kanmu, don kowane kaya da ɗansa yake zuwa. Na gaji da wanke kwalba 40, na ce bari in sayi tulun ƙarfe, irin mai lita 19 da kamfanonin lemo suka daina amfani da shi. Da ana samun na gwanjo kamar kyauta, yanzu ya yi wuya. Tulu ya ce sai tukunyar gas ɗin CO2 mai sa giya kumfa, gas ya ce sai abin daidaita ƙarfinsa, sai tiyo, sai famfo, sai firiji na biyu. Ga shi a 2025 an ɗora wa ƙarfe da alminiyon da ake shigo da su Amurka haraji, kashi 25 a Maris, ya koma 50 a Yuni. Duk abin da ke ƙyalli sai ka shafa aljihu.

Bulus: Gas ɗin nan ni ma shi ya hana ni. A 2021 da masana'antun takin zamani suka tsaya a nan saboda tsadar makamashi, iskar ta yi ƙaranci, don daga wurinsu take fitowa. Ga Wilko da muke sayen ƙananan kaya da araha sun rufe shagunansu a 2023.

Sani (Kaduna): Salamu alaikum. Kun san ni ba na sha, amma tunda maganar kwalba ta zo bari in sa baki. Lemon citta nake yi wa yara. Wata rana na ɗura a kwalaben gilashi na manta su a sito kwana uku lokacin bazara. Ƙarfe biyun dare muka ji kamar an harba bindiga, uwargida har ta fara salati. Da safe muka tarar da gilashi ya kafe a jikin ƙofa. Tun daga nan na koma gorar roba, kuma firiji yake shiga a ranar. Bulus, in kana ɗurawa ka sa ɗaya a gorar roba, in ka matsa ka ji ta yi tauri kamar dutse ka san halin da sauran suke ciki.

Luka: Wa alaikumus salam Malam Sani, wannan shawara ta fi ta wasu mashaya. A ƙara da ma'aunin sukari: in ya fara a 1.050 ya sauka 1.010, ya tsaya a nan kwana uku bai motsa ba, sannan a ɗura. Sukarin ɗuri kuma, wanda ake ƙarawa don giya ta yi kumfa a kwalba, a auna a sikeli, kamar giram 6 a lita, ban da cokalin ido.

Sauran wuraren rage kashe kuɗi, Bulus: tsiro ka saya buhu mai kilo 25 ku raba da wani, tunda kana da injin ɓarza. Hops ka daina bin Citra da Mosaic kowace dahuwa, Fuggles da Goldings a ƙasar da kake ake noma su. Star San, maganin kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki, kada ka cika bokiti da shi, mililita ɗaya da rabi a lita ɗaya, ka zuba a gorar feshi, kwalba ɗaya sai ta shekara biyu. Kuma laka-lakan yis da ke gindin bokiti ka kwashe a kwalba mai tsabta ka sa a firiji, zai yi maka dahuwa ta gaba.

Mama Rifkatu: Iri daga na jiya ke nan. Shi ma 'yan Ostareliya ne?

Luka: Wannan karon 'yan Nowe ne, Mama. Manoman yammacin ƙasar suna da yis nasu na gado, kveik, suna busar da shi a jikin zoben katako su rataye. Yana aiki lafiya a digiri 35 har zuwa 40, cikin kwana uku ko huɗu ya gama. Yanzu ana sayar da irin na garin Voss a fakiti. Bulus, in firijin bai samu ba kafin zafi ya dawo, ka gwada shi a ɗakin saman naka.

Bulus: To na ji. Na cire tukunyar daga kwandon saye. Jaka da akwatin zafi zan yi oda yau, na kuma ga wani a unguwarmu yana neman wanda zai ɗauke masa tsohon firiji kyauta. Luka, asabar zan kira ka ka nuna min yadda kake rataye jakar.

Saratu (Manchesta): Ina wuni Baba, ina wuni Mama. Duk ina karantawa. Fam 600 ɗin nan ni fam 200 aka faɗa min. Firijin kuma a gaya min inda za a ajiye shi, don keken yara ma a falo yake kwana.

Baba Ishaya: Bulus, ka sauka daga waya ka je kicin.