Wace kalma za mu sa wa ƙarfin jan iska na masu ciwon huhu?

Likitan ƙirji: Assalamu alaikum. Ina neman kalmar Hausa ga abin da takardunmu ke kira PIF, wato iyakar saurin da mutum ke jan iska ciki, ana auna shi da lita a minti. Batun ya fi tasowa ranar sallamar masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, ko a asibitin Malam Aminu Kano ko a na Murtala. Inhelar gari, wato abin kai magani huhu mai garin magani a ciki, irin su Turbuhaler da Accuhaler, ba ta fesa komai, jan da majinyaci ya yi ne ke watsa garin ya kai huhu. Ana son lita 60 a minti, ƙasa da 30 kuwa kusan aikin banza ne. Wanda ciwo ya taso masa, iska ta cushe a huhunsa, tsokar ƙirji ta gaji, sau da yawa ba ya kaiwa, musamman tsofaffi da mata. Sai garin ya liƙe a baki da maƙogwaro, a ce magani bai karɓe shi ba.

Nas: Wa alaikumus salam, Likita. Mu dai "ƙarfin numfashi" muke cewa.

Mai harhaɗa magunguna: Sista, numfashi ai shiga ne da fita. Ki ce wa dattijo ya nuna ƙarfin numfashinsa, busawa zai yi, kamar a na'urar masu asma. In ya saba busawa cikin inhelar gari, danshin bakinsa zai dunƙule maganin. Ni "ƙarfin shaƙa" na fi so.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, shaƙa ta hanci ce, kuma ko ba ka so kana shaƙar ƙurar hunturu da hayaƙin murhu. Zuƙa kuwa ta baki ce, da niyya, leɓe a rufe, yadda ake zuƙar lemo da tsinke. "Ƙarfin zuƙa" ke nan. A kula dai, zuƙa, ba zuƙi ba, kada a ce Likita na zuƙi ta malle.

Likitan ƙirji: Malam, ka gama magana. Har ta raba mana iri biyun: inhelar zuƙa da inhelar fesawa. Awon kuma da na'urar In-Check DIAL ake yi: a juya ta daidai da tsaurin inhelar da za a rubuta, majinyaci na zaune, ya fitar da iska tukuna, ya zuƙa sau 3, a ɗauki mafi girma.

Nas: To, wanda ƙarfin zuƙarsa bai kai ba fa?

Mai harhaɗa magunguna: A mayar da shi kan ta fesawa da robar tsakani, wadda ake kira sifesa. Nan dokar ta juya, a hankali ake ja. A girgiza, a danna sau ɗaya, ya ja na daƙiƙa 3 zuwa 5, ya riƙe numfashi daƙiƙa 10 ko iya ƙarfinsa. Kada a danna biyu a tare. In da sitiroyid, wato maganin rage kumburi, a ciki, ya kurkure baki ya zubar, don gudun farin kumfa a harshe. Wanda ko riƙewa ba ya iyawa, nebulaiza ce tasa, wato na'urar da ke mayar da ruwan magani kamar tururi, in ya warware a sake auna shi a kilinik.