Muhawara: Wasiƙar 2014 ce ta jawo tsige Murtala Nyako?

Malami daga Yola: Ina nan a kan bakana cewa wasiƙar da Murtala Nyako, gwamnan Adamawa a lokacin, ya aika wa gwamnonin Arewa a watan Afrilun 2014, inda ya zargi gwamnatin Goodluck Jonathan da kisan ƙare dangi a Arewa, ita ce ta ci masa kujera, domin wata uku kacal aka yi majalisar dokokin Adamawa ta tsige shi ranar 15 ga Yuli.

Hajiya daga Minna: Malam, ka manta cewa tun kafin wasiƙar wutar ta riga ta kama. Ya daɗe yana takun saƙa da Bamanga Tukur, shugaban PDP na ƙasa a wancan lokacin, a kan wanda zai riƙe ragamar PDP a jihar, sannan a Nuwamban 2013 ya koma APC tare da su Kwankwaso da Wamakko, alhali yawancin 'yan majalisarsa ba su bi shi ba. Gwamnan da majalisa ta kuɓuce wa ba ya buƙatar wata wasiƙa kafin a kayar da shi.

Tsohon sojan ruwa: Hajiya ta fi kusa da gaskiya. Mutumin da ya zama gwamnan soja na farko a jiharku ta Neja a 1976, ya kuma shugabanci rundunar sojojin ruwa daga 1990 zuwa 1992, ya saba da wurin da umarni ke saukowa daga sama ba tare da jayayya ba. A cikin jirgi ba a lallashin kowa, amma ɗan majalisa sai an zauna da shi, an ji kukansa, kuma a ganina nan ne Nyako, wanda ake wa laƙabi da Baba Mai Mangwaro, ya yi sakaci.

Malami daga Yola: Ranka ya daɗe, in haka ne, me ya sa aka yi gaggawar da har ba a miƙa masa takardar tuhuma hannu da hannu ba? A kan wannan ne kotun ɗaukaka ƙara ta soke tsigewar a 2016.

Hajiya daga Minna: Hukuncin ya nuna an taka ƙa'ida, Malam, amma bai ce wasiƙa ce dalili ba. Gaggawar tana da wani bayanin, tunda kakakin majalisar da ya jagoranci zaman, Ahmadu Fintiri, shi ne ya zama muƙaddashin gwamna.